Yadda Ake Haɗa Sabulun Wanke Fuska Mai Taushi da Decyl Glucoside

Ranar da na fara haɗa sabulu da decyl glucoside, sai da na ƙarar da kusan rabin gwangwanin madara na gishiri a cikin roba. Na saba da Texapon, sinadarin kumfa na sabulun ruwa, wanda da an barbaɗa masa gishiri an juya sau biyu zai kama jikinsa ya yi kauri. Wannan kuwa ina zubawa ina juyawa, yana nan tsululu kamar ruwan wanki. Na ɗauki waya na yi wa mai kemikal ɗin da ya sayar mini faɗa, na ce jabu ya ba ni. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Hajiya, wannan ai ba ya jin gishiri." Kunya ta kama ni, domin gaskiyarsa ce.

Duk wadda ta koyi sabulun ruwa irin wanda ake koyarwa a unguwanni, na salfonik da soda da Texapon, to ta ɗan ajiye wannan ilimin a gefe. Wannan sinadarin halinsa daban ne. Ni desil nake ce masa don sauƙin baki, haka zan riƙa kiransa a nan, amma idan kin je saye ki faɗi cikakken sunansa yadda yake a jikin galan.

Me ya bambanta shi

Duk wani abin wanki mai kumfa, ƙwayarsa tana da kai da jela. Kan yana son ruwa, jelar tana son maiƙo. Jelar ta kama dattin, kan ya bi ruwa, sai su tafi tare. Bambancin yana wajen kan. Na sabulu da na Texapon yana ɗauke da caji, irin na ƙafar batir, kuma wannan cajin ne ke sa ya liƙe wa fata ya kwashe mata maiƙonta fiye da yadda ake so. Shi ne kuma dalilin da gishiri ke sa Texapon kauri, saboda gishirin yana danne cajin, sai ƙwayoyin su haɗu su yi dogayen zare. Desil kansa sukari ne, ba shi da caji ko kaɗan. Gishiri ba shi da abin da zai kama.

Ana yin sa ne daga gulukos na sitacin masara ko makamancinsa, a haɗa da wani sinadari da ake cirowa daga man kwakwa ko man ƙwallon kwakwar manja. Hanyar haɗin tsohuwa ce: wani masanin kimiyya Bajamushe, Emil Fischer, ya gano ta tun 1893, amma sai a 1992 kamfanin Henkel ya buɗe babbar masana'antarsa a Amurka. Yau kamfanin BASF ne ke sayar da wancan samfurin da sunan Plantacare 2000 UP, kuma abin dariya, shi ne dai mai Texapon N70 ɗin da muka saba da shi.

Rashin cajin nan yana da amfani biyu da suka shafe mu kai tsaye. Na farko, ba ya damuwa da ruwa mai nauyi. Wadda ke wanka da ruwan rijiya ko na burtsatse ta san yadda sabulu ke ƙin kumfa ya bar wani farin dauɗa a jikin bokiti; sinadaran kalsiyam da magnesiyam na ruwan ne ke kama sabulun. Desil ba ruwansa da su. Na biyu, yana zama lafiya da kowane irin sinadari, har da masu laushin gashi waɗanda ba sa jituwa da Texapon sai da dabara.

Yana da 'yan uwa. Coco glucoside ya ɗan fi shi kauri, kumfarsa ba ta tashi da sauri kamar tasa, amma kina iya sa ɗaya a madadin ɗaya a wannan haɗin. Lauryl glucoside kuwa daskarewa yake yi kamar man shanu, musamman da hunturu, sai an tsoma galan ɗin a ruwan ɗumi mai zafin digiri 40 zuwa 50 ya narke. Ba na ba mai koyo shawarar farawa da shi.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci, wanda da yawa daga masu tallarsa ba sa faɗa. Desil ɗin da ke cikin galan ba mai taushi ba ne. Ana sayar da shi ne a ma'aunin pH 11.5 zuwa 12.5 (pH shi ne awon tsami da kaifi: ƙasa da 7 tsami, sama da 7 kaifi irin na soda), wato ya fi sabulun salo kaifi, domin hakan ne ke hana shi lalacewa a ajiye. Fatar mutum kuwa tana tsakanin 4.5 zuwa 5.5. Idan kika tsarma shi da ruwa kika ɗura a kwalba ba ki sauko da wannan kaifin ba, abin da kika yi ya fi sabulun kanti bushe fuska. Na taɓa ganin wata ɗalibata ta yi haka, ta ba ƙanwarta, kwana uku gefen hancin yarinyar ya fara saɓa kamar ta sha iskar hunturu ba mai. Sinadarin ba shi da laifi. Ba a gama aikin ba ne.

Kayan aiki da saye

Sikeli mai lamba wanda ke auna har 0.1 na giram, irin na masu zinare. Wannan ba a yi masa kwaskwarima, cokali da murfin kwalba ba sa aiki a nan. Sai takardar gwajin pH, ko na'urarsa idan kina da hali. Sai roba biyu ko kofin gilashi, cokalin silba ko na roba mai tsabta, safar hannu, tabarau, sifirit na goge kaya, da kwalba mai famfo ko mai matsewa. Kada ki yi amfani da tukunyar dalma ko muciyar katako.

Wajen saye, ki duba da idonki. Desil ruwa ne mai ɗan kauri, launinsa ruwan ɗorawa mai haske, wani lokaci da ɗan hazo. Ki ɗiga kaɗan a ruwa ki tsoma takardar pH: idan ba ta nuna kaifi sosai ba, akwai tambaya. A gida kuma ki tsarma cokali ɗaya da ruwa cokali huɗu ki barbaɗa gishiri. Idan ya kama ya yi kauri sosai, an cakuɗa masa Texapon. Ki tambayi takardar bayanin kayan, domin a nan ne za ki ga ƙarfinsa. Yawanci kashi 51 zuwa 55 cikin ɗari ne ainihin sinadarin, sauran ruwa ne. Masu kemikal na Sabon Gari a Kano da na Ojota a Legas su ne wuraren fara tambaya, kuma ki shirya, ya fi Texapon tsada nesa ba kusa ba.

Ruwa kuma tatacce ake so, wanda aka turara aka tara. Ki yi hattara da abin da ake kira ruwan batir a bakin titi, domin wani an riga an zuba masa asid. Ki saya a wajen masu kemikal ko kantin magani, ki gwada shi da takarda kafin ki zuba.

Awon haɗin giram 500

Ruwa tatacce, giram 350
Decyl glucoside, giram 60
Cocamidopropyl betaine, giram 50
Gilisirin, giram 20
Xanthan gum, giram 4
Sodium benzoate, giram 2.5
Potassium sorbate, giram 1.5
Ɗan tsami narkakke, gwargwadon abin da gwaji ya nuna

Me ya kawo betain cikin maganar? Desil shi kaɗai kumfarsa tana tashi amma ba ta da jiki, tana kwantawa da wuri, kuma yana barin fata da wani ƙaras-ƙaras. Betain yana sa kumfar ta yi laushi ta daɗe. Shi ƙarfinsa wajen kashi 30 ne. Idan kika lissafa, giram 60 na desil ya ba da kusan 32 na ainihin sinadari, giram 50 na betain ya ba da 15, jimla 47 cikin 500, wato kashi 9 da ɗoriya. Wannan ya ishi fuska. Ki koyi wannan lissafin, shi zai raba ki da kwafar awon wasu a makance.

Haɗawa

Da farko ki wanke komai, ki goge da sifirit, ki bari ya bushe da kansa. Ki ɗaure kanki, ki sa safar hannu da tabarau. Ɗanyen desil idan ya fantsama a ido yana yin illa. In ya faru, ki yi ta zuba ruwa na tsawon minti 15, sannan ki nufi asibiti.

Ki fara da ɗan tsami, ki ajiye shi gefe. Wannan dai ɗan tsamin da ake sa wa zoɓo ne, wanda a buhunsa aka rubuta citric acid. Ki auna giram 10 ki narkar a ruwa giram 10. Ba duka za ki yi amfani da shi ba.

Na biyu, ki auna ruwa giram 350 a babbar roba, ki zuba benzoate da sorbate, masu hana haɗin lalacewa, ki juya har su ɓace. Yanzu ake sa su, tun ruwan bai ga tsami ba. Idan kika bari sai ƙarshe bayan kin sauko da pH, za ki ga wasu fararen allurai suna yawo a ciki sun ƙi narkewa.

Na uku shi ne inda aka fi yin ɓarna. Garin zantan, wato xanthan gum mai sa haɗin kauri, idan ya faɗa ruwa kai tsaye gudaji yake yi, waje ya jiƙe ciki ya bushe, kamar kunun da aka dama da gaggawa. Don haka ki zuba shi a cikin gilisirin tukuna, a ƙaramin kofi, ki dama har ya zama sumul ba ƙwaya ko ɗaya. Sannan ki riƙa tsiyaya shi cikin ruwan da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana juyawa da ƙarfi. A nan kaɗai aka yarda ki juya da ƙarfi, tunda ba abin kumfa a ciki tukuna. Ki rufe ki ba shi minti 30. Idan kin dawo za ki tarar ya zama kamar kamu mai sheƙi, yana bin cokali.

Na huɗu, a ɗaya robar ki haɗa desil da betain ki juya a hankali. Idan za ki sa ƙamshi, nan ne wurinsa: giram 1.5 na turaren mai, ki fara gauraya shi da desil zalla kafin betain ya shiga, don ya narke a ciki kada ya taso saman kwalba daga baya. Ni dai na fuska ba na sa masa turare. Wadda ta nemi irin wannan sabulun yawanci fatarta ce ba ta son hayaniya, kuma turare na cikin manyan masu jawo ƙaiƙayi.

Na biyar, ki kwarara wannan haɗin cikin kamun zantan, kaɗan-kaɗan, ta gefen roba. Cokali ya tsaya a ƙasa, ki riƙa juyawa kamar mai tsoron tada barci. Idan kika buga shi, kumfa za ta cika robar, kuma zantan yana riƙe iska, sai ki kwana biyu kina jira ta kwanta.

Na shida, gyaran pH, wanda shi ne ainihin aikin. Ki ɗebi giram 1 na haɗin ki tsarma a ruwa tatacce giram 9, ki tsoma takarda. Za ki ga yana sama sosai. Ki zuba giram 2 na ruwan ɗan tsami a babbar robar, ki juya minti biyu cur, ki sake ɗiba ki gwada. Daga nan ki koma ɗigo biyar-biyar. Da farko zai yi kamar ba ya motsi, sai kuma ya faɗo gaba ɗaya, shi ya sa ba a gaggawa. Inda ake nufa shi ne 5. A nawa haɗin yakan ci tsakanin giram 3 zuwa 6, amma kowane galan da nasa, kada ki riƙe lambata ki bar gwaji.

Lambar 5 ɗin nan aiki biyu take yi. Ta dace da fata, sannan benzoate da sorbate ba sa tsare komai sai a cikin tsami. Da pH ya haura 5.5 ƙarfinsu ya fara zubewa, a 7 kuwa kamar ba ki sa ba. Kin ga ke nan wadda ta tsallake wannan mataki ta yi asara biyu: ga sabulu mai kaifi, ga shi ba mai gadi. Idan kuma hannunki ya zarce ya sauka ƙasa da 4.5, ki ƙara ɗan desil kaɗan, kaifinsa zai ɗago shi. Ba sai kin nemo soda ba.

Na bakwai, ki ɗora robar a sikeli, bayan kin cire nauyinta, ki cika da ruwa har giram 500. Ki rufe da leda ki bar shi ya kwana. Da safe kumfar ta kwanta, ki sake gwada pH domin yakan ɗan motsa cikin dare, ki gyara idan da buƙata, sannan ki ɗura. Ki rubuta kwanan wata da awon da kika yi a jikin kwalbar da kuma littafinki.

Kafin ya taɓa fuska

Ki wanke cikin gwiwar hannunki da shi sau biyu a rana, kwana uku. Kalmar "mai taushi" ba ta nufin kowa zai ɗauka. A 2017 ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin borin fata ta zaɓi dangin glucoside a matsayin abin da ta fi jan hankali a kansa a shekarar, saboda ana samun masu yin ƙuraje da ƙaiƙayi da shi, musamman masu fama da cutar bushewar fata tun asali. Betain ma ya taɓa samun wannan suna a 2004. Ba su da yawa, amma akwai su. Idan wurin ya yi ja ko ya yi ƙaiƙayi, ki haƙura da shi.

Kada kuma ki ce wa kowa ba ya zafi a ido, yana yi. Jariri sabon haihuwa ma ban yarda a yi masa wanka da haɗin gida ba, komai kyansa.

Idan na gashi kike so

Ki ɗaga desil zuwa giram 90, betain zuwa 60, ki rage ruwa da giram 40. Wannan ya kai wajen kashi 13, ya isa ya cire man kitso na sati biyu idan aka wanke sau biyu. Sai dai in faɗa miki gaskiya, desil ba gwanin gashi ba ne. Yana wanke fatar kai tas ba tare da ya bushe ta ba, amma gashinmu mai murɗiya yakan fito da ɗan kaushi, yana cukurkuɗewa a mataji. Maganinsa wani sinadarin laushin gashi, polyquaternium-10, giram 1 zuwa 1.5 a cikin 500, a narkar da shi a ruwa tun farko.

Amma a nan akwai tarko. Polyquaternium yana da caji, zantan ma yana da nasa na kishiyarsa, idan suka haɗu sai su dunƙule su yi wani abu kamar majina. Don haka a na gashi ki cire zantan, ki sa Natrosol, wanda 'yan sabulun ruwa ke kira nitrosol, giram 5 zuwa 6. Shi ba shi da caji. Ki barbaɗa shi a ruwa kina juyawa, ki ɗan ɗumama, ki jira ya buɗe sosai kafin ki zuba sauran. Ki fara gwada giram 100 ki ajiye sati guda ki ga ko zai rabu, kafin ki yi mai yawa.

Abubuwan da kan faru

Idan ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, zantan ya yi yawa ko kuma irin na abinci ne. Ki sauko zuwa giram 3, ko ki nemi wanda aka yi don kayan shafa, ya fi haske kuma yauƙinsa kaɗan ne. Idan ma kina da kwalba mai fitar da kumfa, ki cire zantan gaba ɗaya ki bar shi tsululu, ya fi sauƙi kuma ya fi kyau a hannu.

Idan ya yi hazo, yawanci turare ne, kuma ba ya hana aiki. Idan fuska tana ɗaurewa bayan wanki, ki fara zargin pH. In yana daidai, ki rage desil zuwa giram 45. Idan masu saye suka ce kumfa ba ta kai ta sabulun da suka saba ba, gaskiya suka faɗa, haka yake, ki gaya musu tun kafin su biya.

Sai maganar ƙare-ƙare. Na san hannu yana ƙaiƙayin a zuba zuma, madara, kurkur, ruwan alobera ɗanye, don a samu abin rubutawa a jikin kwalba. Duk waɗannan abinci ne ga ƙwayoyin cuta, kuma ɗan abin tsarewar da muka sa ba zai iya da su ba, balle a zafin watan Afrilu. Garin gyaran gira kada a rasa ido. Sinadarin bitamin C kuwa kada ya kusanci haɗin da ke da benzoate, domin su biyun a cikin tsami da zafi suna iya haifar da wani sinadari mai suna benzene, mai jawo cutar daji. Abin da zai zauna a fuska na daƙiƙa talatin a wanke ma, ba wani aikin gyaran fata da zai yi.

Wanda aka haɗa a gida ba a kai shi ɗakin gwaji ba, ni wata uku nake ba shi, a ajiye a inuwa, ba a kan tagar banɗaki ba. Duk sati biyu ki ɗiga kaɗan ki gwada pH, ki shinshina. Da kin ga kwalba ta kumbura, ko launi ya juya, ko wari ya canza, ki zubar. Idan kuma kin kai ga sayarwa da suna da lakabi a Najeriya, kayan shafa da na wanka sai da rajistar NAFDAC, kuma littafin nan da kike rubuta awo da kwanan wata da pH na kowane haɗi zai yi miki rana a lokacin.